Gudu a Bakin Kanal

Gudu ne ya kai ni kwaleji, ba karatu ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kaina haka ba. A jarrabawar fita firamare sunana can ƙasa ya fito. Amma a gasar makarantu da aka yi a Maradun na yi tseren dogon zango ƙafa ba takalmi, na bar na biyu da kusan zagaye guda. Ina haki wani dogon mutum mai usur a wuya ya kira ni gefe, ya tambayi sunana da na mahaifina, ya rubuta a tafin hannunsa. Shi ne malamin wasanni na wata kwalejin horon malamai da ke Talata Mafara. Bayan wata biyu takarda ta zo.

Shekarata goma sha bakwai lokacin, don ba a sa ni boko da wuri ba. Ba a daɗe ba kuma da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye ƙauyenmu da fadamarmu, aka kwashe mu aka zuba a kan wani tudu mai tsakuwa. Baba, wanda ya saba cire shinkafa da damina ya cire albasa da rani, ya shuka gero a sabon wurin, geron ya kawo iya gwiwa ya tsaya. Saboda haka gidanmu ya karɓi takardar nan kamar ruwan farko. Inna ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da garin yaji a tsumma. Baba ya raka ni har bakin hanya.

"Tahi ka yi karatu," in ji shi. "Ƙasa ta ƙi mu, wataƙila takarda ta amshe mu."

Ban gaya masa don ƙafata aka ɗauke ni ba.

Mu takwas ne 'yan gudu. Da an sallame asuba, sauran ɗalibai su koma su ɗan miƙe ko su buɗe littafi, mu kuwa mu taru a bakin get da gajeren wando da singileti. Hanyarmu ita ce ta gefen kanal, wato babbar magudanar siminti da aka gina don kai ruwan dam gonakin da ke wajen Bakura. Ta miƙe sambal, ba bishiya, ba kwana, sai tifofi masu wucewa. Malamin wasanni yana biye da mu a kan babur, agogo a hannu. Kafin mu dawo mu watsa ruwa, sau da yawa kokon ɗakin cin abinci ya ƙare, sai tsami-tsamin gindin tukunya. Da la'asar kuma a koma fili.

Ƙarfe takwas ina zaune a aji, ƙafafuna suna zugi. Malamai ba sa magana sai da Turanci, an ma hana Hausa. Ni kuwa Turancina bai wuce na gaisuwa da neman izinin fita ba. Nakan kafe allo da ido, kalmomi suna wucewa ta kaina kamar tsuntsaye, har kan ya yi nauyi. Wata rana malamin lissafi ya tashe ni da alli, ya ce in zo in warware abin da ke kan allo. Na tsaya riƙe da allin, ban rubuta komai ba. Ya ce in koma in zauna, ai doki ba a tambayarsa lissafi. Aji ya fashe da dariya. Daga ranar aka daina kirana da sunana, sai doki.

Takalmi ma ya zama mini wata jarrabawar. An ba ni kambas daga sito, fari, sabo, irin wanda ban taɓa mallaka ba. Makon farko ya saɓule mini dunduniya. Na roƙi a bar ni in yi gudu yadda na saba, malamin wasanni ya ce a Sakkwato za a yi gasar kwalejoji a ƙarshen zango, kuma ba zai kai ɗan wasansa can kamar mai korar awaki ba. Na saba da shi a hankali, amma takuna ya canza. Na koma ina dira da dunduniya, kowace dira ina jin ta har gwiwa.

Wanda gadonsa ke kusa da nawa ɗan Birnin Tudu ne, gajere, marar surutu, mai kai. Shi kaɗai ne bai taɓa kirana doki ba. Ya riƙa ba ni littattafansa ina kwafa, ina zana kalmomin da ban san ma'anarsu ba. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan zauna ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin kwana ya yi ta fassara mini darasi da Hausa a ɓoye. Bayan mako huɗu ya rufe littafin ya gaya mini gaskiya, ya ce ba aikin wannan zangon ne ya fi ƙarfina ba, ramin tun daga aji biyar na firamare yake, kuma ba a cike shi da Juma'a ɗaya a mako.

Na je na sami malamin wasanni na roƙe shi ya sauke mini gudun yamma. Ba mugun mutum ba ne. Ya zaunar da ni, ya ba ni rabin burodinsa, ya ce shi ma da ƙafa ya fita daga ƙauyensu. Ya ce in na ciyo kofi a Sakkwato babu mai korata ko me na ci a jarrabawa, don shugaban makaranta na son ganin kofi a ofishinsa. Na fito daga wurinsa na gane cewa ƙofa ɗaya ce gare ni, kuma ba ta aji ba ce.

Saura mako uku gasar, malamin wasanni ya ce za a yi gwaji don zaɓen mutum biyu. Ya canza mana hanya, muka bi wani sabon reshen kanal da ake kan haƙawa. Na fita gaba tun farko. Iska na da sanyi, an gama yankan gero, jikina ya saki yadda ya daɗe bai yi ba. Can gaba na hangi mutane tsugune a jere a bakin hanya, kusan su arba'in, masu jiran a zo a ɗebi leburori. Yawancinsu samari ne. Ina matsowa idona ya faɗa kan wani dattijo a ƙarshen layin, ya ɗora hannuwa bisa gwiwoyi, ya karkata kai gefen dama saboda kunnensa na hagu ba ya ji. Tun kafin in ga fuskar na san wannan zaman.

Baba ne. Ya naɗe babbar rigarsa ya ajiye a gefe, ga kwanon ɗaukar ƙasa a gabansa.

Ya ɗago muka haɗa ido. Tun da na yi wayo bai taɓa ganin cinyata a waje ba. Ga ni kusan tsirara, ina gudu ba wanda ya koro ni, a lokacin da yake zaton ina gaban malami. Babur na bayana, malamin wasanni na ƙwala mini lokaci yana cewa in ƙara. Abin da ya kamata shi ne in tsaya in durƙusa in gaishe shi. Ban tsaya ba. Na ga ya mai da kansa ƙasa, ni kuma na wuce. Ranar na yi gudun da ban taɓa yin irinsa ba, malamin wasanni har da rungume ni a bakin get. Na zagaya bayan banɗaki na yi amai.

Ran Talata na nemi izini na shiga kasuwa. Wajen 'yan albasa na sami mutanen garinmu, suka nuna mini zauren da yake kwana. Na tarar da shi yana wanke ƙafa, duk ta tsattsage. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi malamai, ya tambayi abinci, na tambayi Inna da ƙannena. Ya ce kwanansa goma sha biyu a Mafara, sau huɗu aka ɗauke shi, sauran ranakun an ce ya tsufa. Ya ce shi ya hana a gaya mini. Sai ya tambaya ba tare da ya dube ni ba:

"Wanga gudu, shi ma cikin karatun ya ke?"

Na ce e, Baba, ciki yake.

Ya jinjina kai, ya ci gaba da cuɗa ƙafarsa. "To, Allah shi dafa. Gara da ba ka tsaya ba."

Har yau ban san abin da yake nufi ba, ko don kada in rasa tseren, ko don kada abokaina su san shi ne ubana. Ban tambaya ba, shi ma bai ƙara tada maganar ba.

Daga ranar na shiga gudu kamar mai hauka. In an ce zagaye goma sai in yi sha biyar. Na ƙudurta cewa tun da na yi masa ƙarya, to dole kofin nan ya mai da ita gaskiya. Cikin kwana goma gwiwata ta dama ta kumbura. Na ɓoye wa malamin wasanni. Abokina ɗan Birnin Tudu ne ya riƙa shafa mini man zafi yana ɗaure ta da tsohon rawani, daga baya ya ja ni wurin wani mai ɗori a cikin gari. Tsohon ya mammatsa, ya ce ba karaya ba ce, jijiya ce, maganinta hutun kwana arba'in. Saura kwana shida gasar. A hanyar dawowa abokina ya yi ta roƙona in faɗa. Na ce masa in na faɗa an ajiye ni, in an ajiye ni kuma me ya rage mini a makarantar nan?

A bayan babbar mota muka tafi Sakkwato. Karon farko ke nan da na ga birnin, amma ba abin da na riƙe sai filin da fararen layukansa. Tseren mita dubu biyar ne, zagaye goma sha biyu da rabi. Na yi zagaye bakwai ina gaba, ina jin 'yan makarantarmu suna ihu. A na takwas wani abu ya tsinke a cikin gwiwar, na ji shi kamar an ja zaren da ya ruɓe. Na ɗingisa, aka fara wuce ni ɗaya bayan ɗaya. A na tara na fita daga layi na zauna a kan ciyawa. Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi mini sauƙi.

Malamin wasanni ya zo ya kwance rawanin, ya ga kumburin. Ya tambaye ni tun yaushe, na gaya masa. Bai yi faɗa ba. A mota ya ɓare lemo ya miƙo mini, sannan ya koma gaba kusa da direba. Bayan kwana biyu mai kula da sito ya aiko in mai da kambas. Wani ɗan ajinmu aka ba, na riƙa ganinsa a ƙafarsa.

Yanzu na sami lokacin da na yi ta nema. Ba gudun safe, ba na yamma, ga koko da zafinsa. Saura mako guda jarrabawa. Na zauna da littattafan da na kwafa da hannuna, na kasa karanta su, kamar wani ne ya rubuta. A ɗakin jarrabawa nakan rubuta sunana da kyau, in kwafe tambayoyin, in jira a kaɗa ƙararrawa. Na faɗi Turanci da lissafi da kimiyya. Addini kawai na ci da kyau, shi ma albarkacin makarantar allo. Mataimakin shugaban makaranta ya kira ni ya ce an ba ni zango ɗaya, in ban gyara ba in nemi wani wuri. Bai ambaci kofi ba, bai ambaci gwiwa ba.

Na koma gida hutu ina dogara sanda. Na tarar Baba ya riga ni dawowa, an daina ɗaukar dattawa gaba ɗaya, ya kuma zo da tarin da ba ya barinsa ya gama magana. Rumbunmu ko rabi bai kai ba. Ba mai iya karatun boko a gidan sai ni, don haka da ya miƙo mini takardar sakamakon da na kawo masa ya ce in karanta masa, da na so sai in faɗi abin da na ga dama. Na kasa yin ƙarya ta biyu. Na gaya masa komai, daga mai usur a Maradun har zuwa ciyawar Sakkwato. Inna na bakin murhu, ta daina fifita wuta.

Baba ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin buzunsa. Ya yi tari, ya huta.

"In hutu ya ƙare ka koma," ya ce. "Nan babu abin da za ka tsaya ka yi."

Na koma. Na yi zango na biyu da iyakar ƙoƙarina, na ɗan ɗaga a lissafi, Turanci ya ƙi. A ƙarshensa aka sallame ni tare da wasu mutum biyar. Gwiwar ta warke har ina tafiya ba sanda, amma ba ta ƙara yarda da gudu ba. Baba ya rasu a daminar da ta biyo, ni kuma na tafi Gusau wurin kawuna na koyi ɗinki, shi nake yi har yanzu.

Ranar da na bar makarantar abokina ɗan Birnin Tudu ya fasa shiga aji, ya ɗauki akwatina a ka har tasha. Ya tsaya har motar ta cika. Daga baya ya zama hedimasta a wajen Bakura. Sau biyu muka sake haɗuwa, duka a wurin jana'iza.