Tutocin da Ilya Ya Rataye

Ranar Juma'a ce. Na dama kunu, na yi wa ɗiyata Zalika wanka. Ilya mijina yana kan keken ɗinki tun da ya dawo sallar asuba. Tela ne, shagonsa a zauren gidanmu yake, can Damagaram. Ya leƙo ya ce kunun babu sukari. Na ce ya sha haka ko ya bari.

A shekarar gari ya ɗau zafi. Ko'ina ka zauna maganar Faransa ake, sojojinta da jiragenta da arzikin ƙasa da take kwasa. Manya suna rungumarta, talakawa suna tsine mata. Cikin masu tsinuwar nan babu wanda ya kai Ilya baki. Shi ya sa Habu, shugaban samarin unguwarmu, ya kawo masa yadi shuɗi da fari da ja, ya ce a ɗinka musu tutocin Faransa, za su ƙone su bayan an sauko Juma'a. Ilya har da murna. Ya ce bai taɓa ɗinkin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba.

Da hantsi ya gama. A garinmu in tela ya gama aiki, goge shi yake ya rataye a igiyar ƙofar shago, mai kaya ya hango daga nesa ya san an gama. Haka ya koya a wurin ubangidansa, haka ya yi. Iska ta buɗe tutocin, suka yi ta kaɗawa a bakin titi.

An sauko masallaci, Ilya ya dawo, su Habu ba su zo ba. Sun bi taro sun manta da saƙonsu.

Ƙarfe biyu da rabi muka fara jin hayaniya daga nesa, kamar ranar kasuwa. Sai kabbara. Sai usur. Sai harbi, tau, tau, daga wajen ofisoshin gwamnati. Zalika ta riƙe zanina.

Kafin ƙarfe uku taron ya kwararo titinmu. Ba 'yan unguwarmu ba ne, ban san fuskokinsu ba. Suna ɗauke da wani saurayi da aka harba, jini na ɗiga daga ƙafarsa. Idanunsu sun yi ja da hayaƙin da aka harba musu. Sai suka ga tutocin.

"Ga karen Faransa!"

"A fito da shi!"

Ina leƙe ta labulen zaure. Ilya ya fita da hannuwa a sama. Wallahi murmushi yake, yana ganin da kalma biyu zai warware zancen. Ya buɗe baki, dutsen farko ya same shi a bakin. Na ji ƙarar haƙoransa. Ya durƙusa, ya waiwayo.

"Rabi, ɗauki yarinya! Ta baya!"

Maganarsa ta ƙarshe ke nan da na ji. Daga nan sai ƙarar sanduna. Wani ya kwaso kwalaben mai sayar da fetur na bakin kwana.

Na goya Zalika. Na taka turmi na haura katanga, na faɗa gidan Tasalla maƙwabciyarmu. Matar nan ni na kwana a kanta ranar da ta haihu. Ta san wanda ya kawo yadin, a gabanta aka auna. Ta ja ni da ƙarfi har ƙofar baya.

"Fita! Kar ki jawo mana!"

Ta sa sakata. Tir da Tasalla, har gobe ban yafe mata ba.

A bakin lungu na ga Habu. Yana tsaye a bayan taron, yana kallon shagon na ci da wuta. Muka haɗa ido. Da ya ɗaga murya ya ce saƙonsa ne, wataƙila da sun saurara, wataƙila da sun haɗa da shi. Ya sunkuyar da kai. Na wuce.

Ba takalmi a ƙafata, ba mayafi. Na bi lunguna, warin ƙonannen yadi na bina. Zalika ba ta yi kuka ba, sai haƙoranta da nake ji suna kaɗawa a bayana. Ana kiran la'asar na isa tasha. Wani direban motar awaki ya dubi ƙafafuna, bai tambaye ni komai ba, ya ce in hau baya. A cikin awaki muka kai Maradi, gidan innata.

Zancen ya riga ni isa. Wai ni matar ɗan leƙen asiri ce. A ɗakin inna na yi takaba, masu zuwa gaisuwa ba su cika tabarma ɗaya ba. Da na fita takaba na yi ƙosai, ba mai saye. Ƙanina ya nemo mini hanyar aikatau, na bar Zalika a wurinsu na hau jirgi.

Yanzu ina Riyad, a unguwar Suwaidi, gidan kafilina, wato mutumin da nake yi wa aiki. Ina ɗakin girki ranar da talabijin ya nuna sojoji sun karɓi mulki a ƙasarmu. Daga baya ya nuna Faransawa suna kwashe kayansu, jama'a na rawa a titi. Uwar gidan ta ƙwala mini kira, ta nuna mini da yatsa, tana yi mini barka da Larabci.

"Mabruk, ya Rabi!"

Na ce Allah ya yi albarka. Na koma na ƙarasa wanke-wanke, don baƙi za a yi da la'asar.

An rufe Ilya ranar Asabar, ba na nan. Ban ga gawarsa ba, ban san wanda ya yi masa wanka ba. An ce Habu yana sahun gaba a sallar jana'iza. Gidan ya ƙone da hotunanmu duka. Zalika ta shiga makaranta bana. In na kira waya, ina jin ta tana ce wa ƙanina Baba, ban hana ta ba.