Mai Aski a Bayan Aji

Yayana mai aski ne. Shekara ashirin da biyu ya yi tsaye bayan kujera ɗaya, almakashi a hannu, baki ba birki. Duk wanda ya zauna masa sai ya tashi da aski da lacca, ko ya so ko ya ƙi. Ya bar makaranta shekarar da babanmu ya rasu, don mu ƙannensa mu ci gaba da tamu. Da autarmu ta gama, sai ya sayi jaka ya shiga kwalejin horar da malamai, yana da shekara arba'in da huɗu.

Rubutu bai ba shi wuya ba. Matsalar ta zo ranar da aka ce kowa ya fito gaban aji ya koyar na minti goma. Mutumin da ko abinci bai sa shi shiru, ya tsaya gaban ɗalibai talatin sa'annin 'ya'yansa, ya ce "To," ya sake cewa "To," ya koma ya zauna. Malamar ta ba shi dama ta ƙarshe ran Alhamis. In ya sake, ya faɗi darasin.

Na same shi a shago yana kakkaɓe tawul.

"Haba Yaya, kai da ka cika unguwa da surutu?"

"Ke ba ki gane ba. Ni ban saba magana da fuska ba, ƙeya na sani. Ido sittin a kaina, sai harshe ya kafe."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Sai na hango littattafansa cuse a ƙasan durowa, inda yake zuba tsofaffin reza, alamar ya haƙura da karatun. Nan dariyar ta tsaya, tausayinsa ya kama ni.

Ran Alhamis na ja shi zuwa kwalejin kamar ɗan firamare, na laɓe jikin taga. Da aka kira shi, ya miƙe ya ce, "Malama, alfarma ɗaya. A bar ni in tsaya a baya."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Bismillah, Baba."

Ya zagaya bayan aji. Ƙeyoyi talatin a jere, ya samu gida. Ya fara darasi yana tafe tsakanin kujeru, har ya tsaya ya gaya wa wani ɗalibi cewa an cuce shi a askin gefen hagu. Aji ya fashe da dariya. Wata ɗaliba ta juyo, wani ya juyo, kafin ka ce me kowa ya juya kujerarsa. Yaya bai ko lura ba. A minti na ashirin Malama ta ɗaga hannu.

"Saura kaɗan, Malama, bari in gyara gefen," in ji shi.

A hanyar gida ya ce, "Wai da gaske sun juyo?"

"Tun minti na biyar, Yaya. Fuskokinsu kake ta kallo."

Can ya ce mu biya ta shago, akwai littattafan da zai ciro daga durowa.