Hura, ba fura ba

Yayana ya yi shekaru yana tsaron injin markaɗe a Ƙofar Durbi, injin da in ya tashi har mutanen Batagarawa sai sun toshe kunne. Injin ya cinye tattasai, ya cinye wake, ƙarshe ya cinye kunnuwan Yaya. Ya daina ji, sannan ya daina dariya. Majalisarmu ta bayan la'asar ma ya ƙaurace mata, wai me zai je yi, kallon haƙoran mutane?

Wannan ya dame ni ƙwarai. Ni mutum ne da ko akuya na ba wa labari sai ta kwanta don dariya, amma ga ɗan'uwana na jini yana kallona kamar bangon ƙasa.

Wata ranar Juma'a na iske shi zaune a zaure. Na rasa abin yi, sai na riƙe ƙugu, na karkace wuya irin na marigayiya Innarmu, na buɗe baki na ce, "Ku taho ku sha fura!"

Ya ƙura wa bakina ido.

"Ƙarya kake," in ji shi da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Na ga leɓenka ya haɗu. Inna ba Bakanuwa ba ce. Hura take cewa! Kuma tana jan ta, huuura, muryar na karyewa a tsakiya."

"Yaya, ai ba ka ji!" Na nuna kunne.

"Kai ne ba na ji, alhamdulillahi. Ita ina jin ta ras."

Ya kece da dariya har hularsa ta faɗi.

Daga baya wani likita maƙwabcinmu ya ce mini ba tatsuniya ba ce. In mutum ya ƙiyasta sauti a ransa, sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da ji yakan motsa, kusan kamar sautin ya shigo ta kunne. Ƙofa ce ta lalace, masu gida suna nan.

Tun ranar na zama bebe mai sana'a. Ni ke motsa jiki da baki, shi ke sa murya daga ciki. Mun yi Baba yana faɗa, mun yi malaminmu na allo, mun yi mai tallan kananzir. Jiya da kansa ya saɓa tabarma ya riga ni zuwa majalisa, ya zaunar da dattawa, ya ce in tashi in yi masa surukarsa.