Ƙyallen Malam Halliru Mai Lagireto

Wanda ya bi titin da ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, idan ya gota tasha kaɗan zai ga wata darbejiya. A gindinta akwai benci guda, da rabin duro cike da ruwa, da tsofaffin lagireto, wato tankunan ruwan sanyaya injin mota, a jingine da bango. Nan ne wurin sana'ar Malam Halliru, kuma shekara talatin da ɗoriya ke nan bai gusa daga inuwar nan ba.

Bafulatani ne, mutumin Roni. Shanun gidansu sun ƙare a wani fari tun yana saurayi, sai ya tafi Kano ya koyo liƙin lagireto da dalma, ya dawo ya zauna. Jama'a sukan ɗauka aikinsa liƙi ne da wanki kawai, wannan kuwa kuskure ne. Liƙi hannu ke yin sa, hannu kuma kowa yana da shi. Abin da ya raba Malam Halliru da saura shi ne ba ya ɗaukar sifana sai ya san ciwon. Idan aka kawo masa mota mai zafi, sai ya bari ta huce, ya yi wa direba tambayoyi kamar alƙali, sannan ya sa a tayar da ita ya zauna yana saurare. Direbobi masu garaje suka laƙaba masa Malam Jira. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Cewa yake yi, “An ce ruwa ba ya tsami banza. To, ba ya tafasa banza ma.”

A aljihun rigarsa na ƙirji akwai wani shuɗin ƙyalle marar nauyi, bai fi tafin hannu biyu ba. Guntun gyalen matarsa Zulaikha ne, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. Hannunsa baƙi ƙirin yake da mai kullum, amma bai taɓa goge shi da ƙyallen nan ba.

Babban amininsa shi ne Madu, Babarbare, direban motar haya tsakanin Babura da Kazaure. Kamar yadda Fulani da Barebari suka gada, ba sa haɗuwa sai da tsiya da wasa. Bara Madu ya riga mu gidan gaskiya, ya bar matarsa Hajja Kaka da 'ya'ya huɗu, da motar. Magada suka yarda kada a sayar da ita, domin ita ce tukunyar gidan. Duk tsawon takabar Hajja motar tana ajiye a rumfa, kusa da buhunan gero, ɓeraye suka samu wuri suka cinye wayoyinta. Da ƙanin marigayi, Daudu, ya zo fitar da ita, sai ya kira mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya haɗa wayoyin. Shi kuma ya yi wa fankar lagireto abin da aka saba a ƙasar nan, wato haɗin kai tsaye da ake ce wa dairet: da an murza makulli ta kama juyawa, ko inji ya yi zafi ko bai yi ba.

Tun daga ranar motar ba ta ƙara lafiya ba. Daga Babura kafin ta kai garin Kanya Babba allurar zafi ta hau ja, ruwa yana tafasa, fasinja suna sauka suna Allah ya isa. Sau biyu aka wanke lagireto, aka sauya murfinsa. Daga ƙarshe aka yanke cewa gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da kansa, ya ƙone, wataƙila ma kan injin ya lanƙwashe, gidan kuma ba shi da halin sauke inji. Dangi suka shirya da 'yan gwangwan, masu sayen mota su yayyanka ta, za su zo ranar Asabar. Hajja Kaka ba ta yi musu ba, sai dai ta ce ba za a taɓa motar ba sai abokin mijinta ya gan ta.

Ran Alhamis da hantsi Hajja da Daudu suka iso, bayan mota cike da jarkokin ruwa. Malam Halliru ya miƙe, ya kalli motar abokinsa, sannan ya yi gaisuwa.

“Hajja, ya ƙarin haƙuri? Ashe Barebari na tunawa da iyayen gijinsu.”

“Haƙuri sai ma'aiki, Malam Halliru. Iyayen giji a ina? Bafulatanin da ya saki nagge ya kama ƙarfe? Na zo ne in ga ko bawan Madu yana nan da sauran amfani.”

Ya yi dariya, ya kau da kai ya share ido da bayan hannu. Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, ya juya wajen Daudu.

“Sau nawa kuka tsaya a hanya?”

“Biyar, Baba.”

“In kana tasha kana lodi, inji na aiki, tana zafi?”

“Ko kaɗan. Sai ta yini a haka. Da na hau titi ne take haukacewa.”

“Fanka fa?”

“Baba, fanka kam ƙalau. Dairet aka yi mata. Kowa ya duba ya ga tana juyawa kamar ta tashi sama.”

Ya kamata mai karatu ya lura da yadda dattijon nan ya bi al'amarin, domin a nan darajarsa take. Fankar da ta mutu, a tsaye take sa mota zafi, in an hau titi kuwa iskar gudu ta sanyaya ta. Ta Madu akasin haka take yi, don haka kowa ya wanke fanka daga zargi. Saura toshewar lagireto da ƙonewar gaskit. Bayan inji ya huce, Malam Halliru ya buɗe murfin, ya cika ruwa, ya sa aka tayar. Ya zuba wa bakin lagireton ido: babu kumfa ko ɗaya da ke tasowa, alhali injin da gaskit ɗinsa ya ƙone yana hura iska cikin ruwa. Ya zaro sandar awon mai, ya ga man baƙi ne, bai koma kalar kunu ba. Hayaƙin baya ba fari ba ne. Da inji ya ɗumama, ya kashe shi ya bi jikin lagireton da tafin hannu, bai sami wani sashe mai sanyi da zai nuna toshewa ba. To, idan shaidu duka sun wanke waɗanda ake zargi, hankali ya wajabta a koma kan wanda aka sallama tun farko ba tare da an tambaye shi ba.

“Sake tayar da ita,” in ji shi.

Ya wanke hannu a duro har sau biyu, ya tsane su. Sannan ya zaro shuɗin ƙyallen, ya riƙe shi da yatsu biyu a gaban lagireton. Fanka mai aiki iska take zuƙowa daga waje ta ratsa lagireto, ƙyalle kuma ya manne. Wannan karon ƙyallen ya tashi yana kaɗawa, ya nufo ƙirjin mai shi.

“Daudu, zo ka gani. Ina iskar ta nufa?”

Daudu ya durƙusa, ya kara hannu. Zafi ya bugi tafinsa.

“Waje take fitowa! Baba, baya take juyawa?”

“Wayoyi biyu ne, an saka ta nan a can. A tsaye ba a ganewa, domin iska ko ta ina ta bi tana ɗauke zafi. In ka hau titi, iskar hanya na turowa ciki, fanka na turawa waje, sai su yi kicibis a ƙofa, lagireto ya zauna babu ko ɗaya.”

Ba mai rewaya ne kaɗai ke da laifi ba. Mantuwa halin ɗan Adam ce. Laifin da ya fi nauyi yana kan duk waɗanda suka leƙa suka ga abu na juyawa, suka gamsu, har suka yanke wa abincin marayu hukuncin yanka. Motsi daban, amfani daban.

Sauya wayoyin bai kai tsawon alwala ba. Da ya sake kara ƙyallen, sai ya manne a jikin ƙarfen ya lafe. Ya umarci Daudu ya hau hanyar Roni, ya bi hawan duwatsun nan da gudu, ya dawo. Hajja Kaka ta zauna tana jan carbi, sai ta ga Malam Halliru yana ninke ƙyallen.

“Malam, wannan ba gyalen Zulaikha ba ne? Na san shi. Da shi ta zo sunan autata.”

“Shi ne. Takarda yagewa take, leda kuma narkewa. Ita ta yanko mini da hannunta, ta ce wannan ya fi jin iska.” Ya mayar da shi aljihu, ya dafa wurin. “Kin ga har yanzu tare muke fita aiki.”

Hajja ta sunkuyar da kai. “Allah ya jiƙan su duka.”

“Amin. Har da Babarbaren, in ya yi sa'a.”

Kafin azahar suka ji hon tun daga nesa. Daudu ya tsaya bai kashe inji ba, ya leƙo ta taga yana haki kamar shi ya yi gudun. “Yaya Hajja, allura na tsakiya! Ko gezau ba ta yi ba!”

Ta tashi a hankali, ta ɗora hannu a kan bonet ɗin. Ɗumi ne kawai, irin na jikin mai lafiya. Sannan ta ce, “Daudu, sauke jarkokin nan. Ka kira mutanen Asabar ka ce kada su wahalar da kansu.”

Ta zagaya ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, a kujerar da take zama in Madu zai kai ta unguwa.