Layin da Safiyo Ya Ja Daga Gindin Dutse

Tun da ya yi ritaya daga ofishin auna filaye, Safiyo ya mai da hawan dutse sana'a. Ba ya zuwa manyan da ake ɗaukar hoto a kansu. Ƙanana yake bi, waɗanda ko a taswira lamba kawai gare su. Duk Asabar sai ya ɗaure takalmi, ya rataya gorar ruwa, ya jefa tsohon kamfas ɗinsa na awon fili a aljihu. Matarsa takan ce sa'o'insa kujera suke nema, shi kuwa ya koma akuya. Yakan ce umarnin likita ne. Likitan dai tafiyar minti ashirin ya ce.

Yawancin duwatsun nan rabi gandun gwamnati ne, rabi gonakin mutane, kuma Safiyo ba ya tsallake shinge sai ya nemo mai wurin ya roƙi izini. Abokan hawansa, masu kurɗawa ta ƙarƙashin waya, suna ce masa alƙali.

Duwatsu goma sha bakwai ne a yankin da ya yi aiki. Ya hau sha shida, wasu har sau uku. Na ƙarshen kullum da uzuri: yau gwiwa, gobe hadari.

Shekara talatin da suka wuce an tura shi ya raba iyakar gandu da gonar wani mutum a kan dutsen nan. Rana ta take, direban ofis na ta danna ham. Bai hau ba. Ya shimfiɗa taswira a kan mota, ya ɗora rula, ya ja layi, ya sa hannu cewa ya auna. Leburori suka kafa turakun siminti inda takarda ta ce, idon ruwan da gidan mai gonar ke sha ya faɗa cikin gandu. Mai gonar ya yi ta zarya a ofis, Safiyo na jiyo muryarsa daga ɗakin ciki.

Da ya cika saba'in ya je. Ba tuba ta kai shi ba. Ya daɗe yana gaya wa kansa wataƙila rular ta dace, so yake kamfas ya wanke shi kafin ƙafa ta ƙi.

Mai gonar ya rasu. 'Yarsa ce ke riƙe da wurin, mace mai furfura jefi-jefi, tana sauke jarkokin ruwa daga kan jaki. Ya nemi izinin wucewa.

"Wuce mana, Baba. In ka ga ruwa a sama kar ka sha, na gwamnati ne. Mu ma kallonsa muke yi."

A sama ya tarar da tsohon tarin duwatsun da takardar gonar ta ambata a matsayin iyaka. Ya auna sau uku. Idon ruwan na cikin gonarsu da taku arba'in da biyu.

Akwai hanyar sauka ta ɓangaren gandu, inda ba zai gamu da kowa ba. Ya tsaya a bakinta har gumi ya bushe masa, sannan ya juyo ta gonar.

Ya gaya mata komai a tsaye, har da ham ɗin direba. Ta saurara tana kwance igiya. Ya ce idan ya koma gida zai rubuta wa ofis.

"A nan za ka rubuta, Baba. Na san ku, da kun shiga gari mantuwa ke kama ku."

Ya zauna a kan jarka ya rubuta a bayan taswirarsa. Ta karanta sau biyu, ta sa ya ƙara lambarsa ta aiki, ya kuma goge "kuskure" ya rubuta "ban hau ba". Ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zane, ta ce Litinin ƙarfe takwas su haɗu a ƙofar ofishin, shi zai shige gaba.