Shingen Aguwar Ya Fanna

Duk mai bin burtalin da ya fita daga Azare ya nufi Dambam a wancan zamani ya san Ya Fanna, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. Babarbariya ce gajeruwa, ga faɗa kamar me. Mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya a bakin hanyar shanu, da ɗa ɗaya, Mamman. Shekarar da aka ɗebi samari zuwa yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, aka haɗa da shi.

Damina biyu a jere shanu suna cinye mata gero tun yana kore. Mai gari ya aiko mata cewa in bana ma ba ta cire komai ba, zai ba wani gonar. Ta ce wa ɗan aiken ya gaida shi da kyau, ta ɗauki adda.

Ta shiga saran aguwa, itaciyar nan mai farin ruwa kamar nono wadda shanu ba sa kula ta, ta dasa a gefen burtali. To, Ya Fanna a fadamar Katagum ta girma, cikin masu albasa. A wurinta duk abin da aka dasa ruwa yake so. Safe da yamma tana jido ruwa a tulu tana kwarara musu. Kafin kwana ashirin duk suka ruɓe. Ni maƙwabciyarta na yi mata dariya, har yau kuwa ina jin kunyar dariyar nan.

Hammawa, dattijon Bafulatanin da shanunsa suka fi yi mata ɓarna, shi ya tsaya ya duba.

"Ya Fanna, aguwa ba albasa ba ce. Ki sara, ki yar a inuwa kwana bakwai bakin saran ya bushe. Ki kafa a busasshen rairayi, ki juya mata baya."

"Malam Hammawa, kai da ka cinye ni, kai za ka koya mini?"

"Zagin ne ya ishe ni," in ji shi.

Ta sake daga farko, a tsakiyar zafin bazara, hannuwanta duk sun tsattsage. Saran bai dame ta ba, hana ruwan ne ya kusa kashe ta. Sai da ta kawo mini tulunta ta ce in ɓoye, ko ta roƙa kada in ba ta. Ta roƙa kuwa, har da zagi, na hana.

Ruwan farko na sauka, sandunan nan da muka ɗauka matattu ne suka fito da ganye. Ta toshe tsakaninsu da ƙaya. Kakar nan dami tara ta ɗaure, mai gari bai ƙara aiko kowa ba.

A shekara ta huɗu Mamman ya dawo, a rame, yana tari, ko fartanya ba ya iya ɗagawa. Ta kai shi gonar, shinge ya kai masa ƙirji. Ya fashe da kuka ya ce, "Inna, ba zan iya noma ta ba."

"Wa ya ce ka noma? Zauna a inuwa ka kore mini tsuntsaye. Taka ce."