Sunan da Na Bayar a Komisariya

Ni ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur a unguwar Kara-Kara, ina cin halalina, kafin kwaɗayi ya rufe min ido. Da zuƙar esansi, wato fetur, a tankin abokan aiki na fara, daga nan sai madubi, daga madubi sai moto, babur ɗin sukutum. Mu huɗu ne ɓarayin, kuma ranar da na shiga cikinsu sai da suka sa na dafa Alƙur'ani cewa komai wuya ba zan tona asirin kowa ba.

Da aka kama ni, 'yan sanda suka wuce da ni ofishinsu, komisariya. A can aka ce in faɗi wanda nake kai wa kayan. Ina tsoron duka, ina tsoron rantsuwa ta ci ni, ga abokaina sun san gidan uwata. Sai wayon banza ya raɗa min cewa ai ban rantse a kan bare ba. Na ba da sunan Malam Isufu, wani manomin ƙauyen Droum da ke cin rani da faci a bakin tasha. Iyakar abin da ya haɗa mu, ya taɓa liƙe min taya.

Aka kamo shi, a gidan kaso ɗaki ɗaya aka zuba mu, bai san ni ne na kai sunansa ba. In an aiko masa da fura, sai ya miƙo min ludayi. Bayan kowace salla yakan ɗaga hannu ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya kai sunansa, 'yan ɗaki su amsa. Ni ma in ce amin, don kada a dube ni. Wata bakwai ina yi wa kaina amin. Ko kaina ya sara, sai in ce addu'arsa ta fara kama ni.

A gaban alƙali na kasa daurewa, na faɗi gaskiya. Aka sallame shi, amma damina ta riga ta wuce. Ni na yi shekara uku.

Da na fito na tuba, na tafi Droum neman gafara. Ya ba ni ruwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Nawa na yafe. Amma shekarar nan ba a yi shuka a gidan nan ba, autata ba ta ga kaka ta gaba ba, yunwa ta ɗauke ta. Nata ba ni da ikon yafewa."

Samari, ku guji abotar da sai an rantsar da mutum. In tsoro ya matse ku, ku faɗi laifinku, kada ku jefa sunan wani. Ni kaso ya sake ni, amma akwai yarinyar da ke jirana gobe kiyama, kuma har yau ban san abin da zan ce mata ba.